Yadda ake gyara unguwa ta ɗauki tsoho da yaro: abin da muka koya a layinmu na Garwa

Mahaifina ya yi shekara fiye da 40 sallar asuba ba ta wuce shi a jam'i sai da babban dalili. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin layinmu bai kai taku 200 ba. Wata asubar damina ya taka murfin kwatar da ke bakin masallaci, ashe ruwan dare ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, murfin ya kife, shi kuma ya faɗi ta ƙugu. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, cikin wata guda ya miƙe. Amma daga ranar ya koma salla a zaure. Abokansa suka yi ta zuwa dubiya har suka gaji, don su ma ƙafar ce ke damunsu. Yaran layi da ke durƙusa masa kullum a hanya suka fara mance fuskarsa. Wata rana na ji wani yaro yana tambayar ɗana, "Wai kakanku yana nan da rai?"

Wannan tambayar ce ta sa muka tashi, ni da wasu maƙwabta. Abin da zan zayyana nan shi ne hanyar da muka bi, da inda muka yi kuskure, don mazauna unguwanni a Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri a arewacin Kamaru, ko Njamena a Chadi, su ɗauki abin da zai yi musu amfani. Maganar ba tamu ba ce mu kaɗai. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan biranen da ke da sauƙin zama ga tsofaffi, bayan ta saurari tsofaffi a birane 33, ciki har da Nairobi, kuma ta kasa batun gida 8, daga tituna da sufuri har zuwa girmamawa da samun labari. Mu dai ba gari muke da shi a hannu ba, layi ne da lunguna huɗu. A nan za a fara.

Mataki na 1: A bi tsohon a ƙafa, kafin a kira taro

Kada a fara da taro. In aka tara mutane aka ce me ke damun tsofaffi, masu ƙarfin murya ne za su yi magana, dattijon da ake yi domin shi zai ce "Alhamdu lillahi, sai godiya." Kunya ce da kawaici, kuma ba za ka raba shi da su a bainar jama'a ba.

A zaɓi tsofaffi kamar shida, maza uku mata uku. A tabbata akwai mai dogara sanda, akwai wanda yanar ido ta rage masa gani, akwai mai amosanin gwiwa. A haɗa kowanne da saurayi ko budurwa ɗaya, in da hali jikansa, domin wasan jika da kaka yana buɗe bakin da tambayar baƙo ba za ta buɗe ba. Jika zai ce, "Kaka, wai wannan ɗan tudun ne ya gagare ki?" ita kuma ta ce, "Ja'iri, zo ka ari gwiwata ka hau mu gani," daga nan sai ta faɗi duk inda take jin tsoro a layin.

Aikin yaron shi ne ya bi tsohon zuwa wuraren da ya saba zuwa: masallaci ko coci, shagon mai kayan masarufi, bakin titi inda ake tsayar da moto (wato babur ɗin haya), gidan aminiya, wurin mai koko da ƙosai. Ya tafi da tafiyar tsohon, kada ya riƙe masa hannu sai in ya nema. Ya ƙirga taku nawa ake yi kafin tsohon ya tsaya ya numfasa. Ya lura da inda ya dafa bango, inda ya kewaye, inda ya tsaya jiran moto ya wuce. Duk wurin da aka tsaya, a ɗauki hoto da waya. A yi wannan tafiyar sau uku: da asuba cikin duhu, da azahar cikin rana, da kuma washegarin ruwan sama. Layin da ka sani da hantsi wani layi ne daban da asuba.

Mu abin da muka gano ya ba mu mamaki. Mahaifina ya tsaya sau biyu a cikin taku 200 ɗin nan, kuma duk wuraren biyu babu abin zama, babu inuwa. Wata gwoggo tamu ta daina zuwa gidan ƙanwarta shekara biyu, muna zaton saɓani suka yi, ashe wani ya ɗaure tumaki a lungun da take bi, igiyoyinsu suna harɗe mata ƙafa, ita kuma ta ji nauyin faɗa masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wani lokacin sai ka shiga ɗakin ka zauna da shi kafin ya nuna maka.

Bayan tafiyar, a samu babbar takarda a zana layin da hannu, a sa jan alama a duk inda ake tsoron faɗuwa, a sa wata alamar a duk inda aka tsaya hutawa. Wannan takardar ita ce dukiyar aikin.

Mataki na 2: A kai takardar inda ya dace

A arewacin Kamaru ba a dasa ko da dutse a bakin hanya ba tare da mai unguwa ya sani ba, jauro ne ko bulama ko Sarkin Hausawa, gwargwadon tsarin wurin. Dokar 1977 da ta tsara sarautun gargajiya ta kasa su hawa uku, kuma mai unguwa shi ne hawan da ya fi kusa da kai. A je masa da dattijo ɗaya, da liman, da hotunan. A gaishe shi yadda ya kamata: "Ranka ya daɗe, mun zo da wata 'yar matsala ta iyayenmu, muna neman shawararka." Shi zai kira taron, da sunansa, don in ku kuka kira za a ce wani abu kuke nema.

A taron a kafa ƙaramin kwamiti, mutum bakwai ya isa. Tsofaffi biyu, namiji da mace. Matasa biyu, ɗaya daga cikin masu moto. Magini ɗaya. Mace ɗaya mai riƙe kuɗi, wadda matan unguwa suka riga suka amince mata da adashinsu. Sai wakilin mai unguwa. In unguwar gauraye ce kamar yawancin unguwannin Garwa, a yi magana da Hausa da Fillanci, a fassara wa wanda sai Faransanci, kuma maƙwabta Kirista su samu kujera a kwamitin. Kwata ba ta tambayar addinin wanda ta kayar.

Mataki na 3: A gyara ƙasa tukuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane a cikin haɗurran da ba a yi da gangan ba, bayan haɗarin hanya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta dalilin faɗuwa. Saboda haka kuɗin farko ya tafi ƙarƙashin ƙafa.

Murfin kwata: a cire duk katako da guntun kwano da aka gitta. A zuba murfin siminti da rodi a ciki, ya zauna daram a kan bakin kwatar da aka ɗaure da bulo, saman murfin ya yi daidai da ƙasa. Faɗin mashigar ya kai mita 1, yadda tsoho da mai riƙe shi za su wuce kafaɗa da kafaɗa. A yi murafen guntu-guntu yadda samari biyu za su iya ɗagawa a kwashe kwata kafin damina. Kuma a hana magini shafe saman ya yi sumul. Tun simintin yana ɗanye a ja tsintsiya a kai ya yi kaushi.

Wannan maganar kaushi ta kai mu ga tayil. Yanzu duk wanda Allah ya hore masa sai ya shimfiɗa tayil mai sheƙi a ƙofar masallaci da wurin alwala, da kyakkyawar niyya. Ruwa kaɗan ya zuba a kai, ga silifa a ƙafar tsoho, sai dai Allah ya kiyaye. In an riga an sa, a shimfiɗa tabarmar roba mai huji-huji a kai. In ba a sa ba, a nemi mai kaushi ko a bar siminti.

Matakala: tsayin kowace kada ya wuce santimita 15, kuma duk su zama tsayi ɗaya. Matakalar da ta fi 'yar'uwarta da ɗan yatsa biyu ita ke kayar da mutum, don ƙafa ta riga ta auna ta farko. A shafa farin fenti a bakin kowace saboda masu raunin gani. Mai walda ya yi ƙarfen dafawa a gefe, tsayinsa kamar santimita 90, a kafe shi cikin siminti yadda ko babban mutum ya jingina ba zai motsa ba. In wurin rana na dukansa, a naɗe shi da igiya, domin ƙarfe a watan Afrilun Garwa ba ya taɓuwa.

Gangara domin keken guragu ko mai jan ƙafa: ƙa'idar magina ita ce duk tsayin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Wato ƙofar da ta ɗara ƙasa da santimita 30 tana son gangara mai tsawon mita 3 da santimita 60. Magini zai ce ya yi yawa, zai so ya taƙaita don siminti. Kada a yarda. Gangara mai tsini ta fi matakala haɗari.

Fitila: ba sai an haska layin duka ba. A sa fitilar sola a wuraren jan alama, mashigar kwata, kwanar lungu, ƙofar masallaci. A ɗaga ta sama yadda hannu ba zai kai ba, a karkata ta ƙasa ta haska hanya, kada ta dalle ido. A gwada ta da asuba, don da yawa batirinsu kan mutu tun tsakar dare, alhali lokacin da tsoho ya fi bukatarta shi ne bayan kiran assalatu.

Mataki na 4: Wurin zama, kuma a ina

A nan muka yi kuskurenmu mafi tsada, kuma har yau yana min ciwo don kuɗin talakawa ne. Mun ce tsofaffi suna son natsuwa, sai muka zaɓi wani lungu shiru a bayan layi, nesa da hayaniyar yara, muka gina dogon benci na siminti, muka rufa masa kwano. Dattawa suka zo ranar buɗewa suka sa albarka. Bayan mako guda babu mai zama. Da na tambayi wani aminin mahaifina, sai ya ce, "Ɗana, in shiru nake so ai ina da shi a ɗaki, ya ishe ni. Ni mutane nake so in gani." Ga shi kuma kwanon yana turo zafi, simintin yana riƙe shi har bayan isha'i.

Abin da ya kamata shi ne a sa wurin zama a inda ƙafa ta riga take bi. Kusa da famfo ko rijiyar burtsatse da yara ke ɗiban ruwa. Kusa da mai shayi. A hanyar makarantar allo da ta boko. Gefen filin da samari ke buga ƙwallo. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke gina dakali a ƙofar gida yana kallon hanya. Sabbin gidajen bulo masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe su suka kashe dakali, kuma da shi gaisuwa ta tafi. Don haka abu mafi araha shi ne a roƙi masu gidajen da ke wuraren hutawar da aka yi wa alama su yarda a gina ɗan dakali a jikin katangarsu. Tazarar da ke tsakanin wurin zama da na gaba, a ɗauke ta daga takun wanda ya fi kowa rauni a tafiyar farko. Mu taku 80 zuwa 100 ta kama.

Tsayin wurin zama ya zama kamar santimita 45. In ya yi ƙasa da haka, zama zai yi daɗi amma tashi ya gagara. Ya kasance da abin jingina baya, da madafi aƙalla a gefe ɗaya don turawa a miƙe. Katako ya fi siminti sanyi. In siminti ne dole, a ajiye tabarma. A bar fili a gaba yadda masu son zaman ƙasa za su shimfiɗa buzu, yara kuma su samu wurin tsugunawa, a haƙa 'yan ramukan dara a gefe.

A duba rana kafin a aza bulo. Zafin da ke korar mutane na bayan azahar ne, don haka jikin katangar da ke kallon gabas shi ke samun inuwa daga azahar zuwa magariba. Rumfa kuwa ta zana ta fi ta kwano. In kwano ne, a ɗaga shi sama sosai a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa.

Inuwar gaske ta bishiya ce. Duk wanda ya taɓa tafiya a titunan Marwa ƙarƙashin dogon yaro ya san bambancin. A dasa a farkon damina, Yuni ya yi, bayan ƙasa ta jiƙu. A nisanta shi da katanga kamar mita 4 saboda saiwa, a kauce wa wayar lantarki. A kewaye shi da bulo ko ƙaya saboda awaki. Abin da ke kashe dashe shi ne ranin farko, to ga dabarar da ta yi mana aiki: mun ja ɗan magudani daga wurin alwala zuwa gindin bishiyoyi biyu, sau biyar a rana suna shan ruwa ba tare da kowa ya ɗauki bokiti ba. Sauran kuma kowace aka ba ta tsoho ɗaya da yaro ɗaya. Yaron ke ɗauko ruwa, tsohon ke zaune yana cewa "ƙara kaɗan." Bishiyar da ke da masu ita ba ta mutuwa da wuri.

A ajiye randa a wurin, da murfi. Moɗar ɗiba daban, kofin sha daban, a riƙa wanke randar kullum, don yankinmu ya sha fama da kwalara kuma ba ma son wurin alheri ya zama hanyar cuta.

Mataki na 5: A tuna da tsofaffin mata

Duk abin da na faɗa a sama, in ba a kula ba, maza ne za su ci moriyarsa. Majalisar bakin hanya ta maza ce. Tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse Yawunde da Duwala, jikoki suna makaranta, ita ce ta fi kowa kaɗaici a unguwa, kuma ita ce ba a gani.

Ba za ta zauna a dakalin titi ba, kada ma a tilasta. A nemi gida mai faɗin tsakar gida, na wata hajiya da kowa ke shiga ba tare da jin nauyi ba, a gyara masa rumfa da mashiga da bayan gida, ya zama wurin haɗuwar mata da la'asar, kwana biyu ko uku a mako. Kuma a sa wa haɗuwar dalili, don mace ba ta fita "zama kawai." Ranar zubin adashi ta koma can. Karatun islamiyyar manya ya koma can. In za a yi ƙuli-ƙuli ko daddawa ko gyaran gyaɗar biki, a yi a can.

Mu abin da ya jawo 'yan mata shi ne ɗinkin hula da saƙar faifai. Wata tsohuwa a layinmu, idonta ya yi rauni har ba ta iya zura zare a allura, amma hannunta bai mance komai ba. Na taɓa leƙawa kiran matata, na tarar da ita ta kama yatsun wata yarinya 'yar shekara 12 tana bi da su a kan kaba, tana cewa, "A'a kishiya, ba haka ba, ja ki matse, in ya yi sako-sako miji zai ce ba ki iya ba." Yarinyar ce ke zura mata zare, ita ke karanta mata saƙon ɗanta a WhatsApp, ita kuma tana koya mata abin da babu makarantar da ke koyarwa. Da daddare ƙananan yara suka fara biyo yayyensu, tatsuniya ta dawo da kanta ba tare da kowa ya shirya ta ba.

Mataki na 6: Kowa ya zo da abin hannunsa

Dattijo ba ya son a mai da shi abin tausayi. In kullum shi ake yi wa, zai janye. Sai an bukace shi. A zauna a rubuta abin da kowane tsoho ya iya: wannan tsohon tela ne, wancan ya yi aikin auduga shekara 30, wannan ya san tajwidi, wancan ya san ɗaurin aure da sasanta rigima, wata ungozoma ce da ta san wankan jego. Sai a haɗa su da masu bukata. Dattijon da ya yi boko ya duba wa yara aikin gida a rumfa bayan la'asar. Wanda ya hardace ya saurari tilawa.

Labarin gari ma dukiya ne. A Garwa akwai tsofaffin da suka ga lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai daga Najeriya idan kogi ya cika da damina, su sauke kaya a tashar jirgi su ɗauki auduga da gyaɗa, tun kafin a kammala dam ɗin Lagdo a 1982. Yaron da aka haifa bayan 2000 bai san garinsu ya taɓa zama tashar jiragen ruwa ba. A sa samari su ɗauki muryar waɗannan mutanen a waya, da izininsu, su tura a zauren unguwa na waya. Ranar da muka fara, dattijo ɗaya ya yi magana awa biyu, samarin da suka zo da niyyar minti goma ba su tashi ba sai da aka kira magariba.

Su kuma matasa nasu hannun: karɓo kuɗin da aka turo ta waya ba tare da an cuci tsoho ba, raka shi asibiti awon hawan jini da suga, karanta masa takardar magani, cajin waya. Ranar wasan Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, ko na 'yan ƙwallon ƙasa, a fito da talabijin rumfa, a ajiye wa dattawa kujerun gaba. Za ka ji musun da ba ka taɓa ji ba tsakanin wanda ya ga wasan Kamaru a gasar cin kofin duniya ta 1990 da idonsa da wanda bai san kowa ba sai 'yan wasan yau.

Mataki na 7: Masu moto

Tsoho ya fi tsoron moto a kan komai a layi. Faɗa ba ya maganinsu, shi ya sa aka sa ɗayansu a kwamiti. Shi zai gaya wa 'yan'uwansa a rage gudu a lungu, a tsaya cak har tsoho ya gama hawa ya zauna, a sauke shi a bakin dakali. A samu biyu ko uku masu natsuwa, a rubuta lambobinsu da manyan baƙi a manna a zauren kowane tsoho. Tudun rage gudu kuwa kada a yi shi da ka a titin hukuma, sai da izinin ofishin magajin gari, kuma a yi shi mai faɗi marar tsini, a bar gefe don keken guragu.

Mataki na 8: A leƙa cikin gida, da ladabi

Da yawa a bayan gida suke faɗuwa, kuma ba sa faɗa. Tsuguno da tashi a kan masai yana gagarar mai ciwon gwiwa. Kafinta zai iya yin kujerar katako mai huji a tsakiya da za a ɗora a kai, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango. A daidaita hanyar ɗaki zuwa bayan gida, a kawar da turmi da igiyar shanya, a rataya fitila. Wannan magana ce ta sirri. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, kuma kada ta fito a taro.

Mataki na 9: Kuɗi da hukuma

A fara da abin da ba ya cin kuɗi: gayyar kwashe kwata, sauya wurin ɗaure dabbobi, cike rami da marmara. In mutane suka ga canji, hannu zai saki. Mu kowane gida sefa 500 muka sa a wata, wanda ba shi da hali ya ba da ƙarfinsa ranar gayya, kuma babu wanda aka kira sunansa don bai biya ba. 'Yan unguwar da ke aiki a wasu garuruwa a tura musu hoton wurin da iyayensu ke wucewa, a ce buhun siminti nawa ake bukata. Sun fi saurin aiko da buhu uku a kan su aiko da "gudummawa" marar suna. Duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna takardar a rumfa.

Abin da ya fi ƙarfinku, kamar babbar kwata ko fitilun titi, na ƙaramar hukuma ne. Garwa tana da uku, ta 1 da ta 2 da ta 3, kowace da magajin garinta, haka ma Marwa. A rubuta takarda da Faransanci, mai unguwa ya sa hannu, a haɗa da taswirar da hotuna, a kai tun kafin ƙarshen shekara lokacin da ake tsara kasafin baɗi, a karɓi shaidar an kai. In kwamitin ya yi ƙarfi, a yi masa rajistar ƙungiya a ofishin perfe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1990, don takardar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, lokaci ne mai kyau na gayyato jami'an kula da jin daɗin jama'a su zo su gani da ido.

Mataki na 10: Bazara da damina

Akwai lokuta biyu da tsoho kan shiga haɗari a cikin ɗakinsa. Na farko Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai ruwa ya ƙare masa bai sani ba, kuma daga 2022 zuwa 2025 azumi ya faɗo cikin wannan zafin. Na biyu Agusta da Satumba, lokacin ruwa mai kayar da ginin ƙasa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 a yankin Binuwai, ko ta 2024 a Yagwa da Kusiri da Njamena, sun san wanda ake mancewa a baya idan kowa ya ɗauki yaransa ya gudu.

Saboda haka a rubuta sunan duk tsohon da ke zaune shi kaɗai ko wanda ba ya iya tashi da kansa, a ba kowanne matashi ɗaya da ƙofarsa ta fi kusa. Da bazara ya leƙa shi safe da azahar, ya ga randa da ruwa, ya fito da shi inuwa daga ɗakin kwano. In ya ga ya rikice, ko jiri, ko jiki ya yi zafi babu gumi, ya jiƙa masa jiki ya nemi asibiti nan take. Marar lafiyar da ke shan maganin suga ko na hawan jini ya tambayi likita da malami kafin azumi. Da damina kuma, in ruwa ya yi ƙarfi da dare, wannan matashin ya san ƙofar da zai fara bugawa da gidan bulon da za a kai tsohon.

Bayan wata shida a sake tafiyar farko, da mutanen farko, a riƙe tsohuwar takardar a hannu, a goge alamar da aka magance, a ƙara sababbi. Da muka sake tamu, jan alama 14 sun koma 5, kuma mun gano wata sabuwa: dogon yaron da muka dasa ya fara tura reshe daidai goshin mai wucewa, sai da aka sassabe. Mahaifina ya yi tafiyar tare da ɗana. Ya zauna a dakalin farko, ya wuce na biyu bai tsaya ba, ya dafa ƙarfen ƙofar masallaci ya hau matakala uku. Ladan ya juyo ya gan shi ya ce, "Baba, sahun gaba fa wurinka na nan." Lungun tumaki ne har yanzu muke kai da kawowa a kansa, mai su ya matsar da turke biyu, saura ɗaya.